Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Marubuta Da Masu Shirya Finafinan Hausa Masu Dogon Zango

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya, marubutanku da daraktocinku da furodusoshinku, har da 'yan wasan da ke tsayawa gaban kyamara cikin rana da sanyi, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Ni ɗan kasuwa ne, yadi da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Ban taɓa rubuta labarin fim ba, kuma ba zan koya muku sana'arku ba. Sai dai akwai wani labari da kuke yawan ba mu, na wa da ƙane da ƙwaya ta shiga tsakaninsu, wanda ni a cikinsa na kwana na tashi shekara da shekaru. A kan wannan kaɗai nake ganin ina da bakin magana.

Wani dare muna gidan Hajiyarmu bayan sallar isha'i, an kawo wuta, yara suka kunna wani shiri daga cikin naku. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba shi kaɗai ne ke bin wannan hanyar ba, kuma ba na son a ɗauka faɗa nake da mutum ɗaya. A cikin shirin, wan ya ɗauko ƙanensa ya sa shi a shago, ya damƙa masa makulli. Ƙanen ya faɗa shan ƙwaya, kuɗi suka fara yin ƙafa. Aka zo wurin da wan ya jawo durowa ya ga wayam, ya juyo ya dubi ƙanen nan, shi kuwa ya dafa ƙirji ya rantse da Allah bai san zancen ba. Duk wanda ya rubuta wannan fitowa, Allah Ya saka masa da alheri, ya san abin da yake rubutawa. Hajiya ta miƙe ba ta ce uffan ba ta shige ɗaki. Ƙanena yana zaune a bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Babu wanda ya iya duban wani a falon nan.

Muka ci gaba da bin shirin mako-mako, kowa yana yi kamar don yara yake zama. Ba a jima ba ƙanen cikin fim ya haukace, aka nuna shi yana tsince-tsince a bola. Aka kama shi aka kai shi wurin malami, aka yi masa addu'a. A fitowa ta gaba sai ga shi cikin farar shadda da hula, ya durƙusa yana kuka: “Yaya, ka yafe mini.” Wan ya ɗago shi ya ce ya yafe masa duniya da lahira, ya zaro makullin shago daga aljihu ya danƙa masa, kiɗa ya tashi. Daga nan labarin ya koma kan wadda zai aura.

Da muka fito zan hau babur, ƙanena ya rako ni har bakin layi, ya ce: “Yaya, da haka ake warkewa, ai da tuni na warke sau goma.”

Maganar nan ce ta hana ni sakat har na zauna na rubuto muku.

Na lura ƙofa uku kawai kuke buɗe wa ɗan ƙwaya a labaranku. Ko ya haukace, ko ya mutu ko a ɗaure shi, ko kuma ya shiryu dare ɗaya. Duka ukun suna faruwa, ban musa ba. Amma mafi yawan gidajen da wannan masifa ta shiga ba su ga ko ɗaya daga ciki ba tukuna. Suna tsakiya ne, inda yaro yake raye, yake da hankalinsa, yake cin abinci da kowa, yau ya daina gobe ya koma, kuma babu wanda ya san ko a yarda da shi ko kada a yarda. A nan mutane suke shan wahala, a nan suke neman wanda zai haska musu fitila, kuma nan ne kuke tsallakewa da rubutu ɗaya a fuskar talabijin: bayan wata shida.

Ga kuma siffar da kuke ba shi. Kaya a yayyage, gashi buzu-buzu, ido jawur, magana a jaye, yana tangaɗi yana ba mutane dariya. Iyaye suna kallo suna cewa alhamdu lillahi namu ba haka yake ba. Ni ma haka na ce. Shekara biyu cur ƙanena yana sha, kullum tsaf-tsaf, da turarensa, a sahun gaba a masallaci, kwastomomi suna yaba ladabinsa. Ba a majalisar 'yan daba ya koya ba. A bakin aiki ya koya. Lokacin azumi ne, kasuwa ta buɗe, ana sauke diloli har tsakar dare, ya yi kukan ciwon baya, wani abokin aikinsa ya miƙa masa tiramol ya ce ya sha zai ji ƙarfi. Ya kuwa ji. Wanda hukumar NAFDAC ta yarda a sayar, bisa takardar likita, mai miligiram 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a hannun yara kuwa har da mai 225, shigowar sumoga. Da tiramol ya hana shi barci sai aka nuna masa rochi. Daga nan sai kodin a cikin robar lemo, wanda zai riƙe a gabana yana kurɓa ina yi masa lissafi, ban san komai ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda a Najeriya, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce, abin da ba kasafai nake gani a labaranku ba sai in za a nuna 'yar da ta fi ƙarfin iyayenta, alhali akwai matan aure a cikin ɗakunansu da kwalba a bayan kwanuka. Mutum miliyan ɗaya ba su cikin bola. Suna cikin shaguna da gareji da makarantu da ofisoshi, wasunsu ma suna zaune ana kallon shirinku tare da su.

Bari in gaya muku yadda amana ke karyewa, domin ba da ƙara ɗaya take karyewa ba kamar yadda kiɗan fim ke nunawa. Zaizayewa take yi kamar katangar ƙasa a damina. Da fari ciniki ne ba ya cika, dubu biyu yau, dubu uku jibi. Akwai wani yaro da yake yi mini aiki, maraya ne, shekararsa huɗu a wurina. Shi na zarga. Ƙanena ne ma ya ba ni shawarar in sa masa ido. Na sallami yaron nan yana kuka yana rantsuwa, na ce ya je don kansa. Sai bayan fiye da shekara na gane gaskiya, na neme shi na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, amma bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Har gobe in na tuna fuskarsa ranar nan sai abinci ya fita raina. Ban taɓa ganin irin wannan yaron a fim ɗinku ba, wato baren da aka zalunta don a kare ɗan gida.

A ranar 1 ga watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta saki bincikenta a kan yadda ake fitar da shi ta bayan gida ana sayar wa matasa. 'Yar jaridar da ta jagoranci binciken ta faɗa da bakinta cewa halin da ɗan'uwanta ya shiga ne ya tunzura ta. Mun yi murna da hanin, kuma daidai ne. Amma a gidanmu abin da ya biyo baya shi ne kwalba ta yi tsada, kuma jikin da ya saba bai san an kafa doka ba. Satar dubu biyu ta koma ta dubu hamsin. Sarƙar gwal ɗin Hajiya, wadda mahaifinmu ya saya mata kafin rasuwarsa, ta ɓace daga cikin akwati. Daga baya wani kwastomana da ke zuwa daga Maraɗi ya nuna mini a wayarsa cewa ya biya bashin da nake binsa tun wata uku da suka wuce, a hannun ƙanena, wanda ya ce masa ni na aiko shi. Na tsare ƙanena a ɗaki, ya ɗauko Alƙur'ani ya dafa.

Wannan dafawar ita ta fi sarƙar da kuɗin yi mini ciwo. Kuɗi ana samun wasu. Amma daga ranar nan maganar ƙanena ta tashi daga magana a kunnena. Ko cewa ya yi ana ruwa sai na leƙa waje. In ya ce zai je masallaci sai in duba agogo. In ya yi fara'a in ce ya sha, in ya yi shiru in ce ya rasa. Yaron da na goya a bayana, na kai shi makarantar allo da hannuna, ya zama wanda nake ɓoye wa walat in zan shiga wanka. Kuma irin wannan zargi ba shi da makunnin kashewa. Ranar da ya daina sha, zargin bai daina ba.

Yanzu bari in zo kan wan, domin shi kuka fi yi wa kwalliya. A labaranku wan kullum mutumin kirki ne mai haƙuri wanda aka ci amanarsa. Ni ne wan, kuma ina shaida muku ba haka abin yake ba. Na san gaskiya wata takwas kafin in gaya wa kowa, saboda muna da ƙanne mata biyu da ake neman aurensu, ina tsoron a ce gidan su ɗan ƙwaya. Sunan gida na tsare, na bar yaro yana nitsewa. Na biya mutanen da ya ci wa bashi a ɓoye don kada magana ta fita, shi kuwa ya gane duk ramin da ya haƙa akwai mai cikewa. Hajiya ma, Allah Ya ƙara mata lafiya, tana rantse mini ba ta ba shi ko sisi, tana kuwa ba shi daga bakin zaninta, domin ta ce gara ta ba shi da ya je ya ɗauki na wani a kashe mata shi. Da haƙurina ya ƙare na dake shi a gaban ƙannenmu, na kira shi da sunayen da ba zan iya maimaitawa ba, na ce da ma shi ya mutu ba Baba ba. Ya gaya mini daga baya cewa a daren nan ya sha abin da bai taɓa sha ba, da niyyar kada ya farka.

Sannan na kai shi gidan mari. Da kuɗina, da motar haya, da ƙarti biyu da suka danne shi. Na ce masa ɗaurin aure za mu je. Ya yi wata biyar a can. Ina zuwa da abinci ana karɓa a ƙofa ana ce mini yana samun sauƙi, ni kuwa ina jin daɗin barci babu fargaba, ban nace sai na gan shi ba. Da ya fito, idon sawunsa biyu duk tabon ƙarfe, bayansa kuwa ba ya nunuwa. Bai cika mako biyu ba ya koma, kuma ya koma da ƙarin dalili. Lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, aka kuma buɗe wani a Daura a watan da ya biyo baya, mutane suna ta salati suna tambayar wane irin iyaye ne ke kai 'ya'yansu can. Ni ban tambaya ba. Na san su. Mutane ne da suka gaji, suka rasa inda za su nufa, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu wata ƙofa.

Kun ga ke nan amanar ta karye ta fuska biyu. Ni ba na yarda da shi a kan kuɗi, shi ba ya yarda da ni a kan ransa. Fiye da shekara guda, in na ce ya zo mu je wani wuri a mota, sai ya tambayi ina ne, ya kira Hajiya ya tabbatar, sannan ya zauna kusa da ƙofa. Idan za ku rubuta labarin wa da ƙane, ku rubuta wannan ma. Ku bar wan ya yi kuskure, ku bar shi shi ma ya durƙusa.

Abin da ya fara juya al'amarinmu wata rana ce da ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, maƙwabta suna cewa iska ce. A asibiti likita ya ce yawan tiramol yana haddasa haka. Likitan nan ne mutum na farko da ya yi mana bayani ba tare da ya zage shi ko ya zage mu ba. Ya ce ƙwayar tana canza yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, har ta kai mutum ba don daɗi yake sha ba, don gudun azabar rashinta ne. Na ga azabar da idona da aka kwantar da shi: gumi, rawar ɗari, zawo, amai, hamma ba ƙaƙƙautawa, ciwon ƙashi har yana cizon filo, kwana da kwanaki babu barci. Likitan ya gargaɗe mu cewa irin su rochi da diyazafam ba a yanke su lokaci guda, rage su ake yi a hankali a ƙarƙashin kulawa, domin yankewar kanta tana iya jawo jijjiga har ta yi kisa. Ya kuma gaya mana abin da ya fi ba ni tsoro: wanda ya daina na wasu watanni jikinsa ya manta, in ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Wato ranar da aka fito da yaro ana murna ana yanka kaza, tana cikin ranakun da suka fi haɗari a rayuwarsa. Wace uwa ce ta san wannan? Da fitowa ɗaya ta minti uku za ku sanar da uwaye miliyan.

Ya ce mana kuma kada mu ɗauki komawa a matsayin ƙarshen magana. Masu bincike sun daɗe da ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna sake zamewa, kusan kamar yadda mai hawan jini ko asma ke sake kwantawa. Ƙanena ya zame sau biyu bayan asibiti. Na farko ya ɓoye, muka gano. Na biyu shi ya zo da ƙafarsa ya same ni a shago bayan la'asar ya ce, “Yaya, na sha jiya.” Na ji kamar in kifa masa mari. Allah Ya taimake ni na tuna maganar likita, na rufe shago muka tafi. In da za a tambaye ni ranar da ƙanena ya fara dawo mini, ranar nan zan nuna, ranar da ya gaya mini mummunan labari da bakinsa. A fim ɗinku kuwa wanda ya koma ya zama tsinanne, an gama da shi.

Wuraren neman taimako suna nan, ko da ba su wadatar ba, kuma kuɗin magani yana karya talaka. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ga sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Hukumar NDLEA, da aka kafa tun 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara da layin waya na kyauta. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma a bakin mutanenmu Dawanau zagi ce, kuma ku yi haƙuri in ce finafinai suna da hannu a wannan, domin ba a ambatonta sai in za a yi wa wani ba'a.

Kada wani ya fahimce ni a karkace a kan addu'a. Na yi imani hawayen Hajiya a sujadar tsakar dare suna cikin abin da ya riƙe yaron nan a duniya. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da addini maɓallin da marubuci zai danna in yana son rufe labari da wuri. Addinin da muka karanta ya fi haka sanin halin ɗan Adam. Giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba: aka fara cewa zunubinta ya fi amfaninta a Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, sannan hani ya sauka a Ma'ida. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da ake yawan kawowa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya. Wani ya tsine masa don yawan kawo shin da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya ce kada a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Ga mai zamewa yana komawa, ga kuma yadda aka riƙe shi. Ranar da wani malamin unguwarmu ya karanta wa ƙanena wannan hadisi, ya yi kukan da bai yi ba a wata biyar na mari.

Ku duba kuma Suratu Yusuf, tunda labarin 'yan'uwa ne da cin amana. Da 'ya'yan Annabi Yaƙub suka zo neman ya ba su ƙanensu su tafi da shi Masar, bai ce komai ya wuce ba. Ya tambaye su ko zai amince musu a kansa face irin amincewar da ya yi musu a kan ɗan'uwansa a da. Kuma bai sake shi ba sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi da sunan Allah. Annabi ne, uba ne, yana zaune da su shekaru, amma amanar da aka karya sai da sharaɗi ta koma hannunsu. Yafiya tana iya fita daga baki a cikin daƙiƙa guda, kuma ana son a gaggauta ta. Makullin durowa wani abu ne daban. In kuka nuna an haɗa su an miƙa lokaci ɗaya, wan da ke kallo a gida, wanda ya yafe amma har yanzu yana ƙirga kuɗinsa, sai ya ɗauka shi mugu ne. Ƙanen kuma, da ya tuba da gaske amma aka hana shi makulli, sai ya ɗauka ba a yafe masa ba, ya yi zuciya ya koma inda ya fito. Mu duka biyun mun faɗa wannan ramin.

Na san kuna da naku uzurin. Kuɗin YouTube ba ya zuwa sai an kalla, masu kallo kuma sun fi son rikicin kishiyoyi da soyayya, ga ɗaukar shiri mako-mako ana rubutu ana ɗauka. Ga hukumomi a kanku: ta tace finafinai ta jihar Kano tun 2001, ga ta tarayya da ta fito da ƙa'ida a 2024 a kan ƙawata shan taba da makamantansa a fim. Ina goyon bayan kada a koya wa yara sunan ƙwaya da yadda ake haɗa ta, kuma ina roƙon masu tacewa kada tsoron wannan ya sa a kori batun gaba ɗaya daga fuskar talabijin. Amma uzurin lokaci ba naku ba ne. A zamanin kaset, da labari zai ƙare cikin awa biyu ko uku, dole a gaggauta shiriya. Ku kuwa kuna da zango bayan zango. Kuna iya jan neman aure ɗaya shekara biyu muna biye da ku. Wanda ya iya wannan zai iya ba ɗan ƙwaya zango guda yana faɗuwa yana tashi. Ku je ku zauna da likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya, ku zauna da waɗanda suka daina, ku saurari uwayensu. Za ku samo maganganun da babu marubucin da zai iya ƙirƙiro su a ɗakinsa. Kuma don Allah ku daina sa ɗan ƙwaya ya zama mai ba da dariya. Yaran unguwarmu sun haddace muryar wani irin wannan ɗan wasa, suna bin ƙanena da ita a layi lokacin da yake wata na biyu da dainawa.

Yau shekararsa uku da wata huɗu bai sha ba, alhamdu lillahi. Shi ke buɗe shago da safe. Makullin ƙofa na fara ba shi, na durowa sai da aka shekara. Kullum da yamma tare muke ƙirga ciniki mu rubuta a littafi, kuma shi ya nemi a yi haka, ya ce ya fi samun natsuwa. Ana gobe jajibirin ƙaramar sallar da ta wuce na aike shi banki da kuɗi masu yawa. Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, na kira wayarsa a kashe. Abin da ya zo mini a rai ba sai na faɗa ba. Na kasa sauraron kwastoma, na auna wa wata mata yadi ba daidai ba. Can sai ga shi yana gumi, ya dubi fuskata, ya gane komai. Ya ajiye takardar banki a kan kantar shago ya ce, “Layi ne, Yaya, waya kuma ta mutu.” Na ce sannu. Ya ce yauwa. Ya ɗauki buta ya fita alwala, ni kuma na zauna ina jin kunyar kaina, kuma duk da haka sai da na duba adadin da ke jikin takardar.

Kafin in aiko da wasiƙar nan na karanta masa ita daga farko har ƙarshe, domin sirrinsa ne, ba zan fitar ba sai da izininsa. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce in bar zancen mari yadda yake kada in rage. Sannan ya ce in ƙara muku roƙo ɗaya daga gare shi. Akwai wata rana a shekararsa ta farko da na fita sallar azahar na manta durowa a buɗe, cike da kuɗi, shi kaɗai a shago, jikinsa kuma yana nema. Ya ce ya tsaya yana kallonta har aka sallame salla, bai taɓa ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ya ce in kun tashi yin fim ɗin, ku sa wannan a ciki.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kano